Na je Tudun Tara yau, farko ban ga komai ba sai ciyawa da tumaki

Sagir Navan: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau ba ni da aiki shi ne na ce bari in cika alkawarin da na yi wa wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, wata uku kenan tana damuna wai ta yaya zan yi shekara biyu a gundumar Meath ta ƙasar Ailan ban taɓa taka Tara ba. Daga garin Navan ko minti ashirin ban yi a mota ba. Na faka na bi ta gefen wata tsohuwar coci mai maƙabarta, na fito wani fili makeke a kan tudu, ina ta waige-waige ina neman fadar sarakunan Ailan ɗin da ake faɗa, wlh ba gini ba katanga ba soro, ciyawa ce kawai shar sai tumaki suna kiwo sai iska mai sanyin tsiya tana neman cire min hula, ga kashin tumaki ko'ina, kafin in yi taku ɗari takalmina ya jiƙe sharkaf. Na ce a raina yanzu wannan ne wajen da aka ce sarki 142 sun yi sarauta? Sai da na tsaya na nutsu na fara lura ƙasar ba a baje take ba, akwai wasu zobba manya-manya kamar an zana da kwano, wani cikin wani, ga wani tudu ɗan ƙarami mai ƙofar ƙarfe, ga wani dutse a tsaye shi kaɗai. Na fi awa biyu a wajen kuma har yanzu ban san me zan ce ba, shi ya sa na kawo nan ko akwai wanda ya san labarin sosai.

Isuhu Maraɗi: Wa alaikumus salam. Sagir kai da ka je Tara ina ka baro takwas? Ko sai an gama da ita ake zuwa goma

Sagir Navan: Hhhh Isuhu ba ka da dama. A yarensu na asali Teamhair suke rubutawa, turancin Ingila ne ya mayar da shi Tara.

Injiniya Bashir: Ni dai abin da na sani turawa sun iya tallar kayansu. Tudu ne fa da ko mita 200 bai kai ba, a sa masa allo a buga ƙasida mai sheƙi a ce wajen tarihi ne, kai kuma ka ƙona fetur ka je ka jiƙa takalmi. Nawa suka karɓa a ƙofa?

Sagir Navan: Ko sisi Injiniya. Hawa tudun kyauta ne, mutanen gari ma nan suke zuwa yawo da karnukansu.

Zainab Samaru: Yaya Sagir ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, mun yi wajen nan a aji. Wancan ɗan tudun mai ƙofar ƙarfe da ka gani shi ne ya fi komai tsufa a cikin abin da ido ke gani a wajen, kabari ne, an gina shi wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato shekara dubu biyar kenan, ya girmi manyan dalar Masar na Giza. Manoma ne na zamanin da ba a san ƙarfe ba suka jera manyan duwatsu suka yi ɗan lungu kamar mita huɗu, suka rufe da ƙananan duwatsu da ƙasa. Mafi yawan mamatan ƙona su aka yi aka zuba tokar da guntayen ƙashi a ciki, ɗaruruwan mutane fa ba goma ko ashirin ba, kuma an fi shekara dubu ana dawowa ana ƙara binne wasu a jikin tudun. Wani farfesa Seán Ó Ríordáin ne ya fara tone shi a 1955, ya rasu a 1957 bai gama ba, Ruaidhrí de Valera ya ƙarasa a 1959. Wanda ya fi tsaya min a rai wani yaro ne ɗan shekara 14 ko 15 na zamanin tagulla, shi ba a ƙona shi ba, an kwantar da shi a takure da sarƙa a wuyansa mai duwatsun ado kala-kala har da na tagulla, ga wuƙa a gefensa. Su kuma zobban nan na ƙasa na baya-bayan nan ne idan aka kwatanta, babban da ya kewaye saman tudun Ráith na Ríg suke ce masa, zagayensa ya kai kilomita ɗaya, na zamanin ƙarfe ne. Abin lura ramin a ciki yake tudun ƙasar a waje. Ka san ganuwar yaƙi ramin a waje ake yi don a tare maƙiyi, to wannan a juye yake, shi ya sa masana suka ce ba don kariya aka yi ba, shata iyakar waje mai alfarma ne.

Sagir Navan: Allah ya ƙara ilimi ƙanwata. A allon wajen sun rubuta Dumha na nGiall, wai tudun waɗanda aka yi garkuwa da su.

Isuhu Maraɗi: Innalillahi, ashe su ma sun yi zamanin garkuwa da mutane. Nawa ake biyan kuɗin fansa a lokacin?

Zainab Samaru: Ba irin wadda ta addabe mu ba ce Malam Isuhu, Allah ya kawo mana ƙarshenta. Tasu jingina ce. Ailan ta da ba ƙasa ɗaya ba ce, ƙananan masarautu ne sun haura ɗari, to idan ƙaramin sarki ya yi mubaya'a ga babba sai ya ba da ɗansa ko wani na jininsa ya zauna a wajen babban, ana kula da shi ana ciyar da shi, amma ranar da uban ya yi tawaye ya san abin da zai biyo baya. Kuma tunda kana son lissafi akwai wani sarki a labaransu da ake wa laƙabi da Niall mai jingina tara, zuriyarsa Uí Néill su suka riƙe sarautar Tara ɗaruruwan shekaru. Amma fa sunan nan marubutan tsakiyar zamani ne suka laƙa wa tudun, dubban shekaru bayan an gina shi, su kansu ba su san su waye a kwance a ciki ba. Haka wani dogon kwari mai kusan mita 200 da suka ce zauren walimar sarki ne har suka zana inda kowa ke zama da irin yankan naman da ake ba shi gwargwadon matsayinsa, yanzu masana sun fi ganin hanyar shiga ce ta biki, ba a taɓa yi mata rufi ba.

Isuhu Maraɗi: Kun gani ko, na ce da tara a ciki aka yi min dariya.

Sagir Navan: Ƙofar a kulle take ba a shiga, amma na durƙusa na kunna fitilar waya na leƙa ta tsakanin ƙarafunan. Ta hannun hagu akwai wani dutse da aka sassaƙa masa zobba-zobba da layuka masu lanƙwasa, wani cikin wani irin yadda ruwa ke yi in ka jefa tsakuwa a tafki. Wajen ƙanƙani ne sosai ko tsayuwa ba za ka iya ba, warin danshi ke fitowa, a ƙasa mutane sun jejjefa sulalla. Gsky jikina ya ɗan yi sanyi, na tuna hannun mutum ne ya zauna ya ƙwanƙwasa wannan zanen da dutse a kan dutse, ba guduma ba kurfi na ƙarfe.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne maganar tonon. Mutum ko wane addini ya yi ɗan Adam ne, Allah ya karrama shi, an binne shi shekara dubu biyar yana kwance ba ruwansa da kowa, sai wani ya zo da cebur da buroshi ya kwashe ƙasusuwansa ya zuba a kwali ya sa lamba ya kai ɗakin ajiya, a ce ilimi ne. Zainab 'yata ba ina rage darajar karatunku ba ne, amma da kabarin kakanki ne za ki yarda? Shekara nawa ne idan suka wuce kabari yake tashi daga kabari ya koma wajen bincike?

Zainab Samaru: Allah ya gafarta Malam tambayar nan mu ma a cikinmu ana ta rigima a kanta, kuma ba zan ce ina da amsar da za ta gamsar da kai ba. Abin da zan iya cewa tono kala biyu ne. Na su Ó Ríordáin an auna komai an zana an rubuta, aka mayar da tudun yadda yake, shi ya sa Yaya Sagir ya same shi a tsaye yau. Amma tsakanin 1899 da 1902 wasu 'yan ƙungiya daga Ingila masu iƙirarin su ne ɓatattun ƙabilun Bani Isra'ila suka zo suka ce Akwatin Alkawari na zamanin Annabi Musa (AS) a Tara aka binne shi, wai wata gimbiya ce ta kawo shi daga gabas, suka sami izinin mai gonar suka hau wani zobe da ake kira Ráith na Seanadh suka yi ta haƙa kamar masu neman rijiya, ba awo ba rubutu, suka yi kaca-kaca da shi. 'Yan kishin ƙasa irin su Arthur Griffith da Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko, suka taso musu har aka tsayar da aikin. Akwati dai ba su gani ba. Da aka sake tone wajen da kyau a farkon shekarun 1950 sai ga kayan Rumawa, gilashi da tukwane, alhali Rumawa ba su taɓa mulkar Ailan ba, ka ga shaidar ciniki ko kai-komo kenan, kuma Allah kaɗai ya san abin da waɗancan suka lalata kafin nan.

Malam Nura: Subhanallah. Tabutun da Allah ya ambata a Baƙara aya ta 248, alamar sarautar Ɗalutu, shi suka je nema a tudun tumaki a ƙarshen Turai? To wannan kam jahilci ne ya haɗu da kuɗi. Amma ki lura ba ki amsa min ba, kin dai nuna min wani tonon ya fi wani muni.

Zainab Samaru: Na yarda Malam, ban amsa ba.

Sagir Navan: Wajen da take faɗa na gan shi, kusa da katangar cocin yake, duk ya yi gututture kamar inda aka yi haƙar ƙasar bulo aka watsar. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Sagir ɗana ka tuno min da ƙuruciya. Mu sistoci 'yan Ailan ne suka koyar da mu a sakandare a Kano, kuma duk 17 ga Maris sai sun yi bikin Waliyyi Patrick, wanda ya yaɗa Kiristanci a ƙasarsu, sun maƙala ɗan koren ganye a riga. Wata a cikinsu mai koya mana turanci ta sha ba mu labarin nan, wai sarkin Tara mai suna Laoghaire ya kafa doka a daren wani biki kada wanda ya kunna wuta a ƙasar sai an fara kunna ta fada, shi kuma Patrick ya hau wani tudu da ke hango Tara mai suna Slane ya kunna wutar bikin Ista na Kiristoci, bokayen sarki suka ce in ba a kashe wutar nan a daren nan ba to ba za ta ƙara mutuwa ba. Suna cewa a shekara ta 433 aka yi. Mu muna yara muna jin shi kamar tatsuniyar gizo, ban taɓa kawowa waje ne na gaske da mutum zai je da mota ba. Ko ka hango Slane ɗin?

Sagir Navan: Mama wlh hazo ya rufe wancan ɓangaren, amma wani dattijo mai kare ya nuna min saitin. Ya ce in gari ya waye tas ana hango kusan kwatan ƙasar daga nan. Mutum-mutumin Patrick ɗin ma yana nan a hanyar shiga, cocin kuma ta 1822 ce, yanzu ba a ibada a ciki kullum, nan suka mayar wajen karɓar baƙi.

Zainab Samaru: Mama labarin wutar sai a ƙarni na 7 aka rubuta shi, shekara ɗari biyu da wani abu bayan zamanin Patrick, malaman coci ne suka rubuta kuma suna da dalilinsu na nuna sabon addini ya kayar da tsoho a cibiyarsa. Amma ko ba komai ya nuna girman Tara a idonsu tunda nan suka zaɓa a yi karon.

Hajiya Rabi: To 'yar nan ki bar ni da labarina yadda na ji shi, sistar nan ta daɗe da mutuwa ba zan je in gyara mata ba.

Sagir Navan: Saura dutsen. Lia Fáil sunansa, a tsaye yake kamar turmi dogo, bai wuce ƙirjina ba ko ma ƙasa da haka, an yi masa daɓen duwatsu a kewaye. Wai idan sarki na haƙiƙa ya taka shi sai ya yi ruri a ji a duk ƙasar. Ina tsaye wasu yara biyu suka zo da babarsu kowa ya rungume shi ya kara kunne, ƙaramin ya ce shi ya ji wani abu, babbar ta ce cikinka ne. Ni ma da suka wuce na duba ba kowa na ɗan dafa shi, shiru kake ji. Dattijon nan ya ce min ba nan ne ma asalin wajensa ba, kusa da kabarin yake da, a 1824 aka matso da shi don tunawa da 'yan tawayen da sojan Ingila suka kashe a tudun a 1798, mutum ɗari uku da wani abu. Kuma ya sha wuya a hannun ɓata-gari, 2012 wani ya sa guduma ya farfasa gefensa, 2014 aka kwara masa fenti ja da kore, 2023 aka fesa masa rubutu wai na bogi ne.

Isuhu Maraɗi: Don Allah a ara mana dutsen nan kafin zaɓe mai zuwa, duk ɗan takara ya zo ya taka, wanda ya yi ruri a rantsar da shi mu huta da layi cikin rana. Matsalar kawai wani zai ɓoye lasifika a ƙarƙashi.

Injiniya Bashir: Hhhh. To ni yanzu na tuna inda na san sunan nan. Ba nan ne aka yi rigimar babbar hanyar M3 ba? Mun karanta shi a matsayin misalin yadda masu zanga-zanga ke jawo wa aiki jinkiri da ƙarin kuɗi. Hanya ce mai kusan kilomita 60 mutanen Navan da Kells da Cavan suna shan azabar cunkoso kullum zuwa Dablin, kuma ba ta kan tudun ta bi ba, ta fi kilomita biyu nesa da shi, amma aka yi ta kai ruwa rana shekara da shekaru. A ƙarshe dai an buɗe ta a 2010 kuma Tara ba ta rushe ba, ga Sagir ya je ya dawo lafiya. Matattu sun riga sun tafi, rayayyu ne ke da asibitin zuwa da aikin sammako.

Sagir Navan: Injiniya nan ne fa abin ya ɗaure min kai. Tsohuwar da ta tura ni tana cikin waɗanda suka yi zanga-zangar, lokacin ta haura sittin, ta ce ita shayi da burodi take kai wa matasan da suka kafa tantuna a kwarin, wata budurwa ma rami ta haƙa ta shige ta ƙi fita kusan kwana uku don kada katafila ta wuce. Abin da suke cewa Tara ba tudun kaɗai ba ce, duk kwarin da ke tsakaninta da tudun Skryne abu ɗaya ne, kuma ana cikin aikin a 2007 aka ci karo da wani wajen biki na zamanin ƙarfe a Lismullin, zobe ne babba na ramukan ginshiƙan katako, gwamnati da kanta ta ce abin tarihi ne na ƙasa, sannan minista ya sa hannu a auna a ɗauki hoto a rubuta a bi ta kai. Haka aka yi. Yanzu kwalta ce a wajen. Ita har yau in za a kai ta asibiti Dablin sai ta ce a bi tsohuwar hanya. Ni kuma fa wannan M3 ɗin ita nake bi duk lokacin da zan je sayen naman halal ko Juma'a, ina biyan kuɗin toll ina jin daɗin gudu, ban taɓa sanin ta kan me nake wucewa ba sai yau. Da na tsaya a saman tudun iska ta juyo ina jin gurnanin motoci can ƙasa-ƙasa.

Injiniya Bashir: To ka gani, kai ma kana mora. Kuma a faɗi gaskiya ba don hanyar ba wa zai san da Lismullin ɗin? Gona ce ake nomawa a kai. Kuɗin aikin hanya ne ya biya masu tonon.

Zainab Samaru: Wannan gaskiya ne Injiniya ba zan musa ba, da yawa daga cikin abin da aka gano a Ailan a shekarun nan ta dalilin aikin hanya ne. Amma akwai wasu layukan da aka zana tun farko da ba su ratsa kwarin ba, ba cewa aka yi kada a yi hanya ba, cewa aka yi a kauce. Kuma tono shi ne binciken da ba a maimaitawa, in ka tone ka gama da wajen har abada. Dubi abin da ya faru a kan tudun kansa, a shekarun 1990 aka zo da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an taɓa ko ciyawa ba, sai ga wani ƙaton zobe na ramukan ginshiƙai wajen 300 da ba wanda ya san da shi, yana nan kwance har yau ana iya komawa da na'urar da ta fi ta. Na Lismullin kuma sai dai a karanta a rahoto. Har wata ƙungiyar kula da kayan tarihi ta duniya ta sa Tara a jerin wurare 100 da ke cikin haɗari a 2008 saboda hanyar nan.

Injiniya Bashir: Kaucewa kuɗi ce ƙanwata, kuma duk inda ka kauce a ƙasa irin wannan wani kabarin za ka tarar ko gidan wani mai rai. Ku masu tarihi ba ku taɓa zama da mutumin da za a rushe wa gida ba.

Zainab Samaru: Ku kuma ba ku taɓa zana layi kun ce a tambaye mu kafin a buga turaku ba, sai katafila ta tono ƙashi ake nemanmu a ce mu yi sauri.

Kabiru Mani: Ina ta karatu ban sa baki ba. Ni abin da ya ba ni kunya, duk wannan bayanin na Ailan na bi shi tiryan-tiryan amma Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumarmu sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma rakiya na yi. Tuddai ne irin wanda Sagir ya kwatanta, kaburburan sarakunan farko na ƙasar Katsina, wani Baturen mulkin mallaka mai suna Palmer ya tone wasu a 1907 aka sake tonowa a 1992, an samu zinare da awarwaron hauren giwa da kwanon ƙarfe da ya fito daga gabas. Ka tambayi yaran garinmu goma da wuya biyu su ba ka labari.

Malam Nura: To Kabiru ka ga tambayata ta dawo gida kenan, waɗannan kam ba za a ce ba kakannin wani ba ne.

Zainab Samaru: Abin mamakin ma Malam, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna manoman da suka gina kabarin Tara ba su ne asalin mafi yawan kakannin 'yan Ailan na yau ba, wasu mutane ne suka shigo a zamanin tagulla suka mamaye. Wato tsohuwar Yaya Sagir ta tsaya cikin ruwan sama tana kare kabarin mutanen da wataƙila ko jini ba su haɗa ba, ba yare ɗaya ba addini ɗaya.

Sagir Navan: Kuma 'yar Katolika ce ta gidi, carbinta ba ya barin hannunta. Wani abu kuma da na gani, akwai wata bishiya mai ƙaya a gefen tudun an ɗaɗɗaure mata tsummoki da zare da ribon, har safar jariri na gani da abin ɗaure gashi, wai masu neman biyan buƙata ne.

Malam Nura: Wannan kam shirka ce tsagwaronta, Allah ya tsare mu. Sagir ina fatan kallo kawai ka yi, dafa dutsen ma da ka bari.

Sagir Navan: Kallo kawai Malam, dutsen ma wasa ne, astagfirullah. Masu kula da wajen ma ba so suke ba, dattijon ya ce robobi da zaren leda suna shaƙe rassan har bishiyar ta fara mutuwa, lokaci-lokaci sai masu sa kai sun zo sun kwance.

Hajiya Rabi: Malam Nura a yi masa uzuri, yaro ya je ganin ƙasa ne. Ai cewa aka yi mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Sarki 142 yau tumaki ke kiwo a kansu.

Malam Nura: Haka ne Hajiya, in da wannan niyyar ce ba laifi.

Zainab Samaru: Wani abu da ban faɗa ba, ko bayan an daina sarauta a wajen ba a daina zuwa ba. Ran 15 ga Agusta 1843 wani jagoran siyasar Ailan mai suna Daniel O'Connell ya kira gangami a nan yana neman a raba majalisar Ailan da ta Ingila, ana cewa mutanen da suka taru sun kai dubu ɗari bakwai da hamsin, wasu ma su ce miliyan, ko an yi ƙari dai taro ne da ba a taɓa gani ba, ba lasifika ba mota, da ƙafa da keken doki suka zo. Da gangan ya zaɓi Tara. Shekara biyu bayan nan cutar dankali ta faɗo aka shiga yunwar da ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya.

Isuhu Maraɗi: Ya tara mutane a Tara kenan. Ku dai ku yarda sunan nan Bahaushe ne ya raɗa.

Injiniya Bashir: Isuhu a kai ka a jingina. Ni dai ban canza ra'ayi a kan hanyar ba, amma na yarda da an zauna da su Zainab tun ana zane da rigimar ba ta kai haka ba. Tambaya ɗaya, wajen yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO ne?

Zainab Samaru: Bai shiga ba tukuna, yana jerin jira tare da sauran wuraren sarautar Ailan irin su Cashel da Rathcroghan. Wanda ya shiga tun 1993 shi ne Brú na Bóinne inda Newgrange take, wani babban kabari irin wannan, a nan Meath ɗin ne shi ma, Yaya Sagir ka daure ka je, can kam za ka shiga ciki da ƙafarka. Kuma in ka je gidan tarihi na ƙasa a Dablin za su nuna maka wani abin maƙala riga mai kyan gaske da ake kira na Tara, kada su ruɗe ka, a bakin teku kusa da Bettystown aka tsince shi a 1850, dillalin da ya saya ne ya laƙa masa sunan don ya yi kasuwa. Na Tara na gaske su ne wasu murɗaɗɗun zinare guda biyu da aka samu a 1810, suna nan a gidan.

Injiniya Bashir: Ato, ba na ce muku sun iya talla ba.

Sagir Navan: Jama'a na gode ƙwarai, zan kwanta gobe aikin safe gare ni. Ɗazu na kira abokiyar aikina da ke duti na ce ta gaya wa tsohuwar na cika alkawari, sai ta dawo min da saƙo wai ta ce zuwan rana tsaka ba zuwa ba ne, in koma farkon Nuwamba da asuba lokacin da hasken rana ke shiga cikin lungun kabarin, kuma wai ta wace hanya na bi. Ban ba da amsar ta biyun ba tukuna. Zainab da gaske ne maganar hasken?

Zainab Samaru: Da gaske ne, wajen farkon Nuwamba da farkon Fabrairu, in hadari ya bari. Ka sayi takalmin roba kafin nan.